Kayan mutane a ƙarƙashin gadon Baba Tsoho

Ruwan watan Agustan bara ne ya ja mana wannan aikin gaba ɗaya. Wanda ya san Jos ya san yadda ake ruwa a wannan lokacin, kwana uku kwana huɗu ana tsuga shi ba ƙaƙƙautawa, to a irin haka ne bangon ɗakin kakanmu a gidanmu na Gangare ya sha ruwa ya tsage tun daga sama har ƙasa, wata safiya sai ji aka yi rugum, ɓarin gabas ya kwanta. Allah Ya taimaka ba kowa a ciki, dama ɗakin ya fi shekara 30 ba a kwana cikinsa, ya koma ɗakin tarkace, tsofaffin tukwane da karyayyun kujeru da buhunan gawayi. Amma har yau ɗakin Baba Tsoho ake ce masa, duk da mai ɗakin ya rasu tun 1964, babana ma yana ƙaramin yaro lokacin bai gama saninsa ba balle ni.

Da aka yi zaman 'yan uwa a zaure bayan Juma'a, Baffa, wanda shi ne babba a maza yanzu, ya ce a bari damina ta ɗauke a rushe ɗakin duka a ta da na bulo da siminti, ɗaki biyu da banɗaki, ko don baƙi in ana biki ko zaman makoki. Kowa ya yanka abin da zai iya, na Abuja da na Kano da na Bauchi suka ce za su turo ta akawun, ni kuma da yake ina gari kuma shagona ba nisa sai aka ɗora min tsayawa a kan aikin. Muka fara a Nuwamba, sanyi ya soma shigowa, da birkila ɗaya da leburori uku.

Kwana biyun farko kwasar tarkace ne kawai da cire kwano, tsohon kwano mai kauri irin wanda yanzu ko ka zaga kasuwa ba za ka same shi ba. Rana ta uku aka kwantar da sauran bangon. Abin da ya rage shi ne gadon ƙasa. Yaran yanzu da yawa ba su san shi ba, gado ne da ake ginawa da laka a jikin bango, a bar rami a ƙarƙashi da 'yar ƙofa, da daddare a zuba garwashi a ciki gadon ya ɗau ɗumi, a shimfiɗa tabarma ko buzu a kwanta. A sanyin Jos na Disamba da Janairu, zamanin da ba hita ba bargo mai kauri, shi ne gatan tsofaffi. Sai da na ce su dakata na ɗauke shi foto a waya kafin a fasa, don na san ba za a sake gina irinsa a gidan nan ba.

Rana ta huɗu wajen ƙarfe 11 ina zaure ina lissafin kuɗin yashi, sai ƙaramin cikin leburorin ya leƙo ya ce, "Oga zo ka ji wani abu." Na bi shi. Ya ɗau diga ya ƙwanƙwasa gadon ta wajen ƙafa, sauti ya fito dim, irin na ƙasa cunkus. Ya koma ta wajen kai can kusurwar da ke manne da bango ya ƙwanƙwasa, sai ƙarar ta fito daban, ƙwal ƙwal kamar ana buga ƙwarya a kife. Kuma wurin ba ya haɗe da ramin garwashi, akwai gini tsakaninsu. Birkila na jin haka ya ajiye cokalinsa ya ja da baya ya ce shi kam ba da shi ba, ya sha rusa tsofaffin gidaje a garin nan ya ga ƙaho da layu da allurai a binne, kuma ba ya taɓa abin da bai san wanda ya sa ba. Ɗaya leburan ya ƙara da cewa ai dukiyar da ta daɗe a ƙasa aljanu ke gadinta. Wallahi ni ma tsigar jikina ta tashi. Na kira Baffa a waya ya taso daga kasuwa, ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Gidan ubana ne, ba abin da zai binne da zai cuci jikokinsa. Ku yi bismillah ku tona, amma a hankali."

Da hannu da cokalin gini muka yi ta yakice ƙasar, ni da yaron da ya gano wurin, kusan minti arba'in. Bakin tulu ya fara bayyana, an kife masa kasko an liƙe zagayen da laka. Tulun bai fashe ba, tsaga ɗaya ce a gefe. Da muka ɓamɓare kaskon wani wari ya bugo, na ƙasa da tsatsa da tsohon ƙyalle. Na zura hannu ina addu'a kar in taɓo kunama. Abin da ya fara fitowa 'yar jakar fata ce ta bushe ƙamas, a cikinta akwai carbi, da tabarau mai ƙafa ɗaya, da wata lambar tagulla mai huji an buga mata lamba, da rasit ɗin haraji guda biyu. Sai ƙaramin gwangwani cike da baƙin yashi, da ka ɗaga shi nauyinsa zai ba ka mamaki, Baffa na gani ya ce kuza ce. A can ƙasa kuma ƙunshi ne guda bakwai, kowanne kamar dunƙulen hannu, an naɗe da farin ƙyalle da ya koma ruwan ƙasa an ɗaure da zare tamau. Da ka girgiza za ka ji kuɗin ƙarfe ne.

Baffa ya ce a ajiye komai yadda yake kar a kwance ko ɗaya sai an ɗauko Goggo daga Bukuru, ita ce babbar 'yar Baba Tsoho kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san shi da wayonsu. Ya tafi sallar azahar daga can ya wuce kasuwa. A nan ne na yi abin da har yanzu yake ci min rai. Na kasa haƙuri. Ni da ɗan yayana muka ɗauki ƙunshi ɗaya muka yi ta fama da ƙullin ya ƙi kwancewa, ƙyallen ya manne da kuɗin ya sandare, sai na ce ya kawo roba da ruwa da omo mu jiƙa shi ya yi laushi. Muka tsoma shi gaba ɗaya. Ruwan ya yi baƙi, na ɗauka datti ne na ma ƙara cuɗa shi da hannu. Sai da ƙyallen ya buɗe kwabbai suka zube na ga wata 'yar takarda a naɗe a tsakiya, faɗin yatsa biyu, ta jiƙe sharkaf. Na warware ta a tafin hannuna, babu komai a jiki sai dishi-dishin baƙi. Tawadar allo ce, irin ta zuge da ƙaro da ake wankewa a sha, ruwa na taɓa ta shikenan. Baƙin da na gani a ruwan nan rubutu ne. A lokacin ban ma san girman abin da na wanke ba.

Washegari da safe aka kawo Goggo. Ta haura 80, tana dogara sanda amma hankalinta garau. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na jera mata kayan. Ta ɗauki tabarau ɗin ta juya shi ta ce na Baba ne, ta ɗauki lambar ta ce wannan ta wurin aiki ce. Da idonta ya sauka kan ƙunshin nan sai ta saki sandar ta zauna daɓas, ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kayan mutane. Ashe da gaske yake." Ta yi kuka sosai, irin kukan da ban taɓa ganin ta yi ba ko a rasuwar mijinta, mu duka muka yi tsit, leburori ma suka ajiye cebur.

Da ta natsu ta ba mu labari. Baba Tsoho daga ƙasar Zazzau ya zo Jos yana saurayi, a ƙaramin jirgin ƙasan nan da ke tasowa daga Zariya, ya shiga aikin kuza tun yana ɗaukar kwanon ƙasa a ka har ya zama heluma, leburori na ƙarƙashinsa. Yawancinsu 'yan cirani ne daga ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, in an gama girbi su taho, in ruwa ya kusa su koma gona. Zaman bariki kuwa kowa ya san shi, ga caca ga giya ga mata, mutum zai karɓi kuɗinsa ranar biya kafin gari ya waye babu ko anini. Banki kuma na Turawa ne da manyan 'yan kasuwa, lebura bai ma san ƙofarsa ba. To wanda ke son ya koma gida da abin sayen akuya ko sadaki ko kuɗin haraji, sai ya kai ajiya wurin wanda ya yarda da shi. Ta ce tana yarinya ta sha ganin mutane suna sallama da Baba a zaure da daddare, ya shiga ɗaki ya fito da ƙunshi ya miƙa, a ƙirga a gaban fitila a yi addu'a a rabu. Wasu kuma sun ba da ajiya ba su sake dawowa ba, wani rami ya rufta da shi, wani ciwo ya kashe shi a wata barikin, wani ba a san inda ya shiga ba.

Ciwon ajalin Baba Tsoho kwana biyu ne kacal, ya faɗi harshensa ya yi nauyi. Goggo na gidan miji lokacin aka aika ta zo jinya. Ta ce daren ƙarshe ya riƙe hannunta yana ta maimaita magana ɗaya da ƙyar, kayan mutane, ƙarƙashin gado, kayan mutane. Bayan an yi bakwai ta faɗa wa ƙannensa, suka zo suka kwashe tokar ramin garwashi tas, suka zura sanda suka laluba, ba su ga komai ba, suka ce zafin ciwo ne ya sa shi sambatu, a yi masa addu'a kawai. Ita kuma ta ce zuciyarta ba ta taɓa yarda ba, kusan shekara 60 duk sanda ta tuna sai ta ji tsoron kar a ce mahaifinta ya kwanta da haƙƙin wasu a wuyansa. Ko da ta je Makka abin da ta fi roƙa masa ke nan.

A nan na faɗa mata abin da na yi da ƙunshi na bakwai. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta kalli takardar da na shanya a kan faifai ta ce, "Ɗan nan, sunan mutum ne ka wanke."

Sauran shidan da reza muka yanka zaren a hankali, a busasshen tire, kowane ƙunshi da kwanonsa don kar kuɗin su gauraya. Kowanne da 'yar takardarsa. Ni na yi makarantar allo amma rubutun ya fi ƙarfina, ajami ne da hannun mutanen da, ba wasali sosai, sai muka roƙi Alaramman makarantar allon unguwarmu ya zo. Ya sa tabarau ya karanta ɗaya bayan ɗaya, sunan mutum, sunan ubansa ko laƙabinsa, garinsu, da adadin abin da ya ajiye. Ba zan rubuta sunayen ba. Garuruwan dai akwai Bichi, da Gumel, da Daura, da Haɗeja, da Talatar Mafara, ɗaya kuma ba a sa gari ba an dai rubuta Babarbare.

Ƙirgar ita ce ta ci mana yini guda, don babu wanda ya iya lissafin kuɗin da a cikinmu sai Goggo da Baffa. Ita ta zauna tana koya mana kamar 'yan firamare: anini 10 kwabo ɗaya, dari rabin kwabo, kwabo 3 taro, 6 sisi, 9 nai, 12 sule, sule 2 fataka, sule 20 fam ɗaya. Muna ƙirgawa Alaramma na duba takarda. Biyar daga ciki abin da aka rubuta shi muka tarar, ba ƙari ba ragi, har anini. Na shidan akwai kuɗin takarda a ciki da danshi ya narkar suka dunƙule kamar tuwo, ba a iya raba su, amma na ƙarfen da ke tare da su suna nan. Wallahi lokacin da lissafin na biyar ya fito daidai sai na ga Baffa ya juya baya yana share ido da bakin rigarsa. Mutumin nan yana da mata da 'ya'ya, an yi shekarun yunwa an yi na tsada, kuɗin nan na ƙarƙashin kansa kullum dare, bai taɓa kwabo ba. Duka kuɗin ƙarfen, har da na ƙunshin da na wanke, sun kama fam 11 da sule 6 da 'yan kwabbai.

Na daɗe ina kallon kuɗin nan ɗaya-ɗaya da daddare. Anini da dari da kwabo duk masu huji ne a tsakiya, da tauraro mai kusurwa 6 a baya, da rubutun Turanci da na Larabci, wasu farare wasu jajaye. An rubuta British West Africa a jiki, don kuɗi ɗaya ake kashewa lokacin a Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Akwai kwabo biyu na 1936 masu sunan Sarki Edward na 8, wanda bai cika shekara a gadon sarautar Ingila ba ya yi murabus saboda matar da yake son aura. Sulallan yawanci rawaya ne da hoton bishiyar kwakwar manja, guda uku ne kawai farare na azurfa, su ne mafi tsufa. Sai kuma sababbin ciki, na 1959 da aka buga da sunan Najeriya ita kaɗai da kan Sarauniya Elizabeth, taro mai kusurwa 12 da hoton auduga, sisi da koko, fataka da gyaɗa. Abin da ƙasar nan ke taƙama da shi ke nan a lokacin, an buga shi a jikin kuɗi.

Ƙunshin Talatar Mafara shi ya fi tsaya min a rai. Shi ne mafi ƙanƙanta, kuma na duba shekarun da ke jikin kuɗinsa kaf babu wanda ya wuce 1943. A yaƙin duniya na biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya inda ake haƙar kuza mai yawa, Turawa sun matsa wa Filato lamba, daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗebo mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas a ramukan kuza. Mutanen da suka saba da zafin ƙasar Sakkwato aka kawo su cikin sanyi da ruwan Jos ba sutura ba wadataccen abinci, da yawa sun mutu. Zatona mai wannan ƙunshin yana cikinsu. In haka ne Baba Tsoho ya riƙe masa ajiyarsa shekara 20 yana jiran ya dawo.

Kafin mu ankara labari ya bazu, ɗan yayana ya sa hoton tulun a status ɗinsa na WhatsApp. Kwana biyu unguwa ta ɗauka wai mun tono tulun zinare. Dillalai suka fara sallama, wani ya ce zai sayi masu hujin duka yana da mai so, da na matsa masa ya ce wani mai tsibbu ne ke aiki da su. Wani kuma ko kallon kuɗin bai yi ba, tambayarsa ko mun ga tsohon dutsen guga mai zakara ko tsohon keken ɗinki, wai akwai wani sinadari a ciki na miliyoyi, irin maganar 'yan damfara da aka daɗe ana cutar mutane da ita. Abin ya daina ba ni dariya da aka ce an ga wasu samari suna zagaya bayan gidan da daddare. Da asuba na kwashe komai a buhu na kai gidan Baffa, na kuma sa liman ya faɗa a masallaci cewa tsofaffin kwabbai ne da ba sa kashuwa.

Ana cikin haka aka fara haƙar sokawe a bayan gida, inda lambun Baba Tsoho yake a da, gindin wata tsohuwar gwaba. Nan ma ƙasa ta yi ta aman abubuwa, tsingaro, kwalabe masu kauri kore da ruwan ƙasa, dutsen niƙa da ɗansa ya lotsa a tsakiya saboda aiki, Goggo ta ce na kakarmu ne an jefar da shi da injin niƙa ya zo unguwa. Sai wani ɗan abu na gasasshen yumɓu kamar babban yatsa, da huji da zane-zane a jiki. Leburori suka ce ai wannan Nok ne, Turawa na sayensa da dala. Wannan karon ban yi gaggawa ba, ban wanke ba ban kankare ba, na naɗe shi a takarda na haɗa da kwabbai kaɗan na hau keke sai gidan tarihi, can kusa da gidan zu.

Kunya ce a ce an haife ni a Jos rabona da wurin tun muna firamare. Gidan tun 1952 aka buɗe shi, wani Bature Bernard Fagg ne ya tsaya a kan kafa shi, kuma asalin abin duk daga haƙar kuza ne. A 1928 masu haƙa suka fara tono gumakan yumɓu a kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna, a 1943 kuma aka kawo masa wani kai na yumɓu daga wajen Jama'a wanda wani ma'aikacin kuza ya tsinta ya kafa a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye da shi, abin da ya haura shekara 2000. Ma'aikacin da aka haɗa ni da shi ya karɓe ni hannu biyu. Ya juya ɗan yumɓun nan ya nuna min baƙin hayaƙi a cikin hujin ya ce kan lofe ne, na shan taba, ba shi da alaƙa da Nok kuma bai yi tsufan da ake zato ba. Kwabban ma ya ce an buga su da yawa ƙwarai, ba wata daraja ta kuɗi gare su ba in ban da 'yan azurfan. Ya ce in zan tsabtace su in sa busasshen burushi mai laushi, ban da lemun tsami da toka da yashi da mutane ke dirzawa, takardun kuma a sa a ambulan ba a leda ba, a nesa da rana da danshi. Ya kuma ja kunnena cewa da a ce abin tarihi ne na gaske, dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta wajabta a sanar da su, ba a sayarwa ba a fita da shi waje sai da izini. Kafin in fito na tsaya gaban tsohon kan jirgin nan ƙarami da aka ajiye, na layin Zariya zuwa Jos da ya yi aiki daga 1914 zuwa 1957, na ɗauka a waya na kai wa Goggo, ta ce irinsa ne ya kawo Baba.

Saura hukunci. A guruf ɗin 'yan uwa an ɗan yi ja-in-ja, wani ƙaninmu na Abuja ya ce gado ne a sayar da na azurfan a zuba a gini, wata ta ce ta ji ana fitar da kashi ɗaya cikin biyar in an tono dukiya. Baffa ya ce a daina surutu a tambayi masu ilimi. Muka je wurin wani malamin fiƙihu ni da shi bayan la'asar, na zayyana masa komai har wankin da na yi. Ya ce maganar ɗaya cikin biyar ta rikazi ce, wato dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne ba a san mai ita ba, wannan kuwa ba ita ba ce. Carbi da tabarau da kuza da lamba na magada ne. Ƙunshin bakwai amana ce, ba ta shiga gado ko da shekara ɗari ta yi, sai a nemi masu ita ko magadansu iya ƙoƙari, in an ɗebe tsammani a yi sadaka da niyyar ladan ya je musu, in kuma wani magaji ya bayyana daga baya a biya shi. Na ce, "Allah gafarta Malam, to kuɗin ai sun daina aiki, da aka canza zuwa naira a 1973 fam ɗaya naira 2 ne, sule kwabo 10, duka abin naira 22 ne da kwabo 60, ko biredi ba zai saya ba." Ya ce mu dubi abin da kuɗin ke iya yi wa masu su a lokacin da suka ajiye, mu kyautata gwargwadon hali.

Nema kam na yi. Wata uku ina bin 'yan kasuwar da na sani mutanen Bichi da Daura da Gumel, na ba su sunayen su tambayi dattawa da masu unguwanni in sun je gida. Matsalar sunayen irin waɗanda kowane gida akwai su ne, ga shekaru sun ja. Daga Haɗeja ne kawai aka haɗa ni da wani tsoho a waya da ya ce ya taso ya ji ana cewa wani ƙanin kakansa ya tafi Jos aikin kuza bai dawo ba, gabana ya faɗi, amma da ya faɗi sunan da na uban ba su zo ɗaya da na takarda ba. Babarbaren kuwa ba ta inda za a fara.

Kafin azumi muka yanke shawara. Goggo ta ce a ƙuruciyarta da taro mutum zai ci ya ƙoshi, don haka abin da ke ƙunshin nan guzurin komawa gida ne na mutum guda. Muka haɗa kuɗi jikoki da 'ya'ya aka sayi buhun masara bakwai, kowane ƙunshi buhu ɗaya, huɗu aka kai makarantar allo, uku aka raba wa matan da mazansu suka rasu a unguwa. Kuɗin ƙarfen kuma ba a sayar da ko ɗaya ba, kowane ƙunshi na kwalbarsa da takardarsa a ambulan a akwatin Baffa, ko Allah zai kawo mai shi.

A sabon ɗakin aka yi addu'ar, ba a ma sa tayil ba tabarmi aka shimfiɗa a kan siminti, Goggo ta sa aka ajiye mata kujera daidai kusurwar da gadon yake. Alaramma ya yi wa Baba Tsoho addu'a, sannan ya ɗauki takardun yana kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya da garuruwansu ana cewa amin. Da ya gama na shida ya ɗan yi shiru, ya ce, "Da mai ƙunshi na bakwai, wanda Allah Ya san sunansa da garinsu." Ban iya ɗaga kaina ba.

Takardar tana wurina, Baffa ya ce ni zan riƙe ta. Bayan an watse na sake miƙa wa Alaramma na ce ya ƙara dubawa don Allah. Ya fita tsakar gida ya ɗaga ta a rana ya daɗe yana kallo, ya juya ta ya sake ɗagawa, ya ce harafin farko kamar mim ne, amma ba zai rantse ba.